Riga ta fito, fuska ta ɓace

A ƙaramar Sallar da ta wuce na ɗauki hoton ɗana a nan Manchesta bayan an sauko daga idi, yana sanye da farar shaddar da kakarsa ta aiko masa daga Zariya. Da na tura mata hoton, sai ga saƙon murya: "To na ga riga, ina fuskar maigidan nawa?" Gaskiyarta. Shadda ta fito fes, fuska kuwa ta yi duhu kamar an shafe ta da gawayi. Shekara uku ba ta gan shi ido da ido ba, hoton nan shi ne ziyararsa.

Da farko na ɗora laifin a kan kyamarar dijital ɗin da na saya a gwanjo. Ashe ni ne ban san halinta ba. Kowace kyamara tana da ma'aunin haske da ke ɗauka cewa abin da ke gabanta ruwan toka ne, tsaka-tsaki. Idan farar riga ta cika hoton, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage shi, fuskar baƙin mutum ta nutse. Maganin yana jikin kyamarar: akwai maɓalli mai alamar +/-. Ka ɗaga shi zuwa +1, ka sake ɗauka, ka duba. Ko a waya, idan ka taɓa fuskar a allo sai ta auna hasken daga nan. Ka kuma kai mutumin inuwar bango ko kusa da taga, kada sararin sama ya zama a bayansa.

Abu uku ke sarrafa haske. Akwai faɗin ƙofar gilashi: f/2.8 a buɗe take sosai, f/16 kuwa 'yar tsuke ce. Akwai saurin ƙiftawa: 1/125 ya wadatar ga wanda ke tsaye, yaro mai guje-guje sai 1/500. Sai ISO, wato yadda kyamara ke jin haske: 100 da rana tsaka, 400 ko 800 a irin hadarin Ingila. Mai farawa ya koyi waɗannan a dijital, domin kuskure a can ba ya cin ko kwabo, kuma nan take za ka ga inda ka kauce.

Daga baya na sayi tsohuwar Pentax K1000, wadda aka fara ƙerawa a 1976, komai nata da hannu ake murzawa. Na sa mata fim ɗin Ilford HP5 mai baƙi da fari, ISO 400, hoto 36 kacal. Nan na koyi haƙuri. Kuɗin fim daban, kuɗin wanki daban, don haka kafin in danna sai na dubi inda haske ya faɗi a fuska. Fim yana kuma da wata falala a gare mu: irin wanda ake wankewa a samu nagetif yana jure ƙarin haske, za ka buɗe wa fuska ba tare da farar riga ta ƙone ba. A dijital kuwa, fari idan ya ƙone ya tafi ke nan, sai ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Gargaɗi ga masu tafiya gida da fim: kada a sa shi cikin babbar jaka, kuma sababbin na'urorin CT na filayen jirgi suna iya lalata shi. A roƙi jami'ai su duba shi da hannu.

Da babbar Sallah na tsayar da yaron a bakin ƙofa, na auna hasken daga kumatunsa. Na wanke hoton a takarda, na ba wani ɗan uwa mai tafiya gida. Hajiya ta ce ta ga har wushiryarsa, irin ta marigayi kakansa, kuma hoton yana jingine a kan madubinta.

Kafin wata Sallar, ku gwada maɓallin nan a kan 'ya'yanku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.