Ranar Allura: Me Ya Sa Aji Yake Zama Fayau?



Duk ranar da aka ce masu rigakafi za su shigo makaranta, kujeru sukan yi yawa a aji. Wani ya ce zazzaɓi, wata ta ce an aike ta. Wasu kuwa ba sa ɓoyewa: a gida aka ce kada su yarda a taɓa su. Mu a ƙungiyar 'yan jarida mun ga gara a fito da maganar kan allo, tunda dai ana yin ta a bayan aji da wajen mai awara.

Kowa ya san abin da ake faɗa. An ce allurar tana hana haihuwa. An ce Turawa ne ke son rage yawanmu. Sai kuma tambayar da ta fi nauyi, wadda ake ji a majalisa da teburin mai shayi: in ka kai yaro asibiti kati sai ka biya, magani sai ka saya, to me ya sa wannan kaɗai ake bin ka da ita har gida kyauta? Wannan tambaya ta siyasa ce, kuma hukuma ce ya kamata ta amsa ta da aiki, ta zuba magani a asibitocin unguwa.

Ba mu yarda a kira iyayenmu jahilai ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne da ake gwadawa a kan marasa lafiya, ba allurar rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

To amma gudun ma an ga inda ya kai mu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin an sa masa maganin hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo wanda aka yi a Indonesiya. Kafin a farga cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har ta kai Yaman da ita Indonesiyar. Yaran da ta shanye wa ƙafa a shekarun nan suna nan, muna ganin su a kan kekunansu a bakin titi. Da sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin, iyaye suka fara buɗe ƙofa, har a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Ga abin da muke so kowa ya lissafa da kansa. Jariran da aka ɗiga wa maganin a 2004 yanzu sun haura shekara 20. Yayyenmu ne. Mun ci shinkafar bikinsu, mun je sunan 'ya'yansu, wasu suna goyon na biyu. In da maganin yana hana haihuwa, ai da tuni masu sayar da ragon suna sun koka.

Jita-jita kuma ba ta neman izini. A 2014, da Ebola ta shigo Legas, cikin dare ɗaya aka yi ta buga waya ana cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Masu digiri ma sun yi. Wasu sai asibiti, har an rasa rayuka. Yau abin ya fi sauri, domin murya ɗaya a WhatsApp, ba suna ba gari, tana zagaye unguwa kafin a tashi daga makaranta. Mu ne kuma masu riƙe wa Mama da Kaka waya, mu ne masu kunna musu, sau da yawa mu ne masu turawa gaba.

Allurar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce a makarantu yanzu ita ce ta HPV, wadda Najeriya ta fara bayarwa a watan Oktoba na 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Sau ɗaya ake yin ta, tana kuma kariya daga ƙwayar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan sankara a ƙasar nan cikin shekarar, kusan 8,000 suka rasu. Ana tambaya, me ya sa mata kawai? Domin su cutar ta fi kashewa. Me ya sa ƙanana? Domin allurar ta fi aiki tun jiki bai haɗu da ƙwayar ba. Su Turawan da ake zargi kuwa sun daɗe suna yi wa nasu 'ya'yan: Ingila ta fara a makarantunta tun 2008, daga 2019 ma ta haɗa da yara maza. Haka mashaƙo, da ya addabi Kano a 2023, ya fi kama yaran da ba a yi musu rigakafi ba.

Inda muke ganin ana kuskure shi ne yadda ake zuwa. Mota ta tsaya, a sauke akwatin sanyi, a ce ku yi layi. Uban da bai san da zuwan ba, in 'yarsa ta koma gida da ciwon dantse, me ake so ya yi tunani? Bulala da kulle geti ba sa gamsar da kowa, sai dai su ƙara wa mai jita-jita hujja.

Don haka muna roƙon hukumar makaranta, cikin ladabi, a riƙa aika wa iyaye takarda da Hausa mako guda kafin ranar, mai ɗauke da sunan allurar da cutar da take karewa. A gayyato ma'aikaciyar lafiya wajen asembili da taron iyaye da malamai, a bar kowa ya yi tambaya ba tare da an yi masa dariya ba, a kuma faɗi gaskiya cewa wurin allurar yakan yi ciwo ko a ɗan yi zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Malamanmu na Bayoloji da na Addini, muna so mu gan ku tare a wannan zama, domin a gida maganarku ta fi tamu nauyi.

Mun ajiye kwali a ƙasan wannan allo. Duk wanda ya ji wata magana a gida ko a waya game da rigakafi, ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba. Ranar Juma'a za mu kwashe, mu kai wa ma'aikatan asibitin unguwa, mu manna amsoshinsu a fitowa ta gaba.