A BUƊE KUNDIN 9 GA AFRILU: AFUWA BA KWADO BA CE

Ƴan'uwa maza da mata, masu zaɓe na Gaya, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madarunfa, Ɗan Isa, Matamaye da Magarya.

Kafin ku je rumfar zaɓe ranar 27 ga Disamba 2020, muna roƙonku ku karanta wannan takarda, ku kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. Magana ce ta jini, kuma an daɗe ana danne ta.

Ranar Juma'a, 9 ga Afrilu 1999, an harbe shugaban ƙasa Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin saman Yamai, yana shirin hawa jirgi mai saukar ungulu. Da rana tsaka aka yi, a gaban sojoji, kuma wasu da ke tare da shi su ma sun rasa rayukansu. A wannan rana faraminista Ibrahim Hasan Mayaki ya gaya wa ƴan ƙasa cewa haɗari ne ya auku. Bayan kwana biyu, kwamandan masu gadin fadar shugaban ƙasa, Dauda Malam Wanke, ya hau mulki.

Zuwa 2020, shekara 21 ke nan. Yaron da aka haifa a wannan shekara yau yana da katin zaɓe a aljihunsa. Har yanzu ba a gurfanar da ko mutum ɗaya gaban alƙali ba.

YADDA AKA SA KWADO

Iyalin marigayin ba su yi barci ba. Tun a 1999 suka kai ƙara kotu a Yamai. Amma a cikin kundin tsarin mulkin da aka yi wa ƙuri'ar raba gardama ranar 18 ga Yuli 1999, an saka aya ta 141, wadda ta yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999. A watan Janairu 2000 majalisar dokoki ta ƙara da dokar afuwa. Daga nan duk ƙofar da iyalin suka ƙwanƙwasa, amsa ɗaya ce: an yi afuwa, a bar maganar.

Da ƙofofin gida suka rufe, sai suka tafi kotun CEDEAO mai mazauni a Abuja. Ranar 23 ga Oktoba 2015 kotun ta yanke hukunci. Ta ce an tauye haƙƙin marigayin na rayuwa, an kuma tauye haƙƙin iyalinsa na samun shari'a. Ta umarci ƙasar Nijar ta biya diyyar miliyan 435 na kuɗin sefa: miliyan 75 ga matarsa, miliyan 50 ga kowane ɗaya daga cikin ƴaƴansa biyar, miliyan 10 ga kowane ɗaya daga cikin ƴan'uwansa goma sha ɗaya.

To ku duba da kyau. Wannan diyya a kan baitulmali aka ɗora ta, wato a kan harajin da kuke biya a kasuwa, da kuɗin da ake karɓa a hannunku a duwan. Ku za ku biya, amma an hana ku sanin wane ne ya jawo muku bashin. Ina aka taɓa yin haka? Ko a gaban mai gari, in aka ce ka biya ɓarnar gona, sai an nuna maka dabbar da ta yi ɓarnar.

MASU CEWA A BAR KAZA CIKIN GASHINTA

Za su zo muku da magana uku. Ga su, ga amsarsu.

Na farko za su ce: ai shi ma Ba'are da bindiga ya zo. Gaskiya ne. Shi ya kifar da Mahamman Usman a 1996, kuma a zaɓen Yuli na wannan shekara ya rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u. Ba mu manta ba, kuma ba mu zo wanke shi ba. Amma wanda ya yi laifi kotu ake kai shi. In muka yarda cewa wanda ba ma so babu laifi a harbe shi a rufe zancen, gobe wanda muke so za a harbe, da wannan hujja kuma za a rufe mana baki.

Na biyu za su ce: an riga an yi afuwa. Mu tambaye su: wa aka yi wa afuwar, kuma a kan me? A addininmu da al'adarmu, yafe jini haƙƙin masu jini ne. Su ake tarawa, a gaya musu ga wanda ya yi, ga yadda aka yi, sannan su zaɓa: su yafe ko su karɓi diyya. Ba a taɓa yafe wa wanda ba a ambaci sunansa ba. Afuwa tana iya hana a ɗaure mutum. Ba ta da ikon hana uwa da marayu sanin yadda nasu ya mutu.

Na uku za su ce: tonon zai ta da fitina. Mun yi shiru tun 1999, amma shirun bai hana wani juyin mulki ranar 18 ga Fabrairu 2010 ba, shi ma kuma aka bi shi da afuwa cikin tsarin mulki. Duk sojan da ke riƙe da bindiga ya ga darasin: ka yi, ka rubuta wa kanka afuwa, ka kwana lafiya. Rufa-rufa ita ke haifar da fitina.

MAƘWABTANMU SUN NUNA HANYA

Ku dubi Burkina Faso. An kashe shugaba Thomas Sankara da mutanensa goma sha biyu a Wagadugu ranar 15 ga Oktoba 1987. Takardar shaidar mutuwarsa ta ce mutuwar Allah da Annabi ya yi. Matarsa Mariam ta shigar da ƙara a 1997. A 2006 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba iyalin gaskiya. Duk da haka kundin bai motsa ba sai da jama'a suka kori Blaise Compaore ranar 31 ga Oktoba 2014.

Daga nan abubuwa suka sauya. A watan Mayu 2015 aka buɗe kabarin, likitoci suka tarar harsasai ne suka kashe shi. Alƙalin bincike ya nemi Faransa ta cire hatimin sirri daga takardunta. Ranar 28 ga Nuwamba 2017 shugaba Macron ya tsaya a jami'ar Wagadugu ya yi alkawarin sakin su, kuma daga ƙarshen 2018 aka fara miƙa wa alƙalin wasu daga ciki. Mace ɗaya da lauyoyinta sun sa ƙasa kamar Faransa ta buɗe akwatinta. Mu namu akwatin yana nan Yamai, ba sai an haye teku ba.

A Amurka ma, bayan kisan shugaba Kennedy ranar 22 ga Nuwamba 1963, sai da majalisarsu ta yi doka a 1992 wadda ta tilasta a tara takardun gwamnati a kan kisan, ta kuma sa wa'adin shekara 25 a sake su. Da wa'adin ya cika a Oktoba 2017, hukumomin leƙen asiri sun matsa, aka riƙe wasu. Amma dubban takardu sun fito, kuma duk wanda ya riƙe saura dole ya faɗi dalili. Gwamnati ba ta sakin sirri don kirki. Doka mai ranar ƙarewa ce ke sa ta saki.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba sabon haƙƙi muke roƙo ba. Aya ta 31 ta tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ta ba kowane ɗan ƙasa damar samun bayanan da ke hannun ma'aikatun gwamnati. Akwai kuma dokar 23 ga Fabrairu 2011 a kan samun takardun hukuma. Aiki da su ne ya rage. Don haka muna neman majalisa mai zuwa ta yi abu huɗu:

1. Doka mai wa'adi da za ta tilasta wa rundunar soja, jandarmomi, fadar shugaban ƙasa da asibiti su miƙa duk takardar da ta shafi 9 ga Afrilu 1999.

2. Kwamitin alƙalai masu zaman kansu da zai karɓi takardun. Wanda ya ce wata takarda sirri ce, ya kawo hujja gaban alƙali.

3. A saurari shaidu a ba su kariya. Wanke ya rasu tun 2004. Kowace shekara ƙasa tana cinye wani da ya ga abin da idonsa.

4. A karanta sakamakon a rediyo da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci, kada a bar shi da Faransanci cikin durowa.

Ɗan'uwa mai sayar da albasa a Galmi, ƴar'uwa mai awara a tashar Ƙonni, kada ku ce wannan rigimar manya ce. In shugaban ƙasa ya mutu a gaban sojojinsa aka ce haɗari ne, ɗanka da aka harbe a kan hanyar iyaka da dare, wa zai buɗe masa kundi?

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku da atamfa da sabulu, ku tare shi da tambaya ɗaya a gaban jama'a: in ka shiga majalisa, za ka ɗaga hannu a buɗe kundin 9 ga Afrilu, ko ba za ka ɗaga ba? In ya fara kame-kame, kun ji amsarsa. Ƴan takararmu sun ce za su ɗaga, ku riƙe wannan takarda shaida a kansu.

Ranar 27 ga Disamba ku fito da sassafe, ku riƙe katinku, ku tsaya har a ƙidaya ƙuri'u a gabanku.

A buɗe kundin! Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da Nijar lafiya.