San Andreas guda nawa ne? Zare ga masu cewa "ai duk ɗaya ne" 🧵

1/ Jama'a ku daina cewa GTA San Andreas guda ɗaya ne. Wanda muka buga a gidan gem a PS2 daban, na kwamfuta daban, na waya daban, wanda Rockstar ta fitar a 2021 da sunan Definitive Edition kuma can gefe yake. Mafi tsadar cikinsu shi ne ya fi raina wa mutane hankali. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Kullum sai ka ga wani ya ɗora hoto biyu, na da da na yanzu, ya rubuta "kai, an ci gaba fa". Shi ke nan an yanke hukunci, wanda ya fi sheƙi ya ci. To ni ban yarda ba. Gem ba fenti ba ne. Abin da aka cire daga ciki ba ya fitowa a irin wannan hoton.

3/ Na asali ya fito a Oktoban 2004 a PS2. Rockstar North ne suka yi shi, a Edinbura ta ƙasar Sikotilan. Labarin CJ ne a shekarar 1992, garuruwa uku: Los Santos, San Fierro, Las Venturas, ga daji da hamada a tsakani. An sayar da sama da kwafi miliyan 17 a PS2 kaɗai, babu gem ɗin da ya kai shi a na'urar.

4/ Yanzu ku riƙe wannan: ƙwaƙwalwar aiki ta PS2 megabait 32 ce kacal. Bidiyon da kake turawa a WhatsApp wani sa'in ya fi haka nauyi. Da wannan suka gina jiha sukutum, ka tuƙa mota daga gari zuwa gari ba tare da an tsayar da kai ana lodi ba.

5/ Ta yaya? Hazo. Na'urar ba za ta iya zana abin da ke nesa ba, sai suka rufe nesan da hazo. Amma ba su bar shi hazo kawai ba, sun ba kowane wuri nasa launi. Los Santos da yamma ja-ja ne kamar ruwan lemo, kamar garin ya sha rana ya gaji. San Fierro fari-fari mai sanyi. Hamada kuma har iska kake gani tana rawa don zafi.

6/ Hazon nan shi ke sa ka ji duniyar tana da girma. Kana kan Dutsen Chiliad ba ka hango gari, sai ka ji ka yi nisa da gida sosai. Alhali in ka auna tafiyar, 'yan mintuna ne a mota. Dabara ce, kuma an tsara hanyoyin da lanƙwasa da tsaunuka don dabarar ta yi aiki.

7/ A 2021 masu Definitive Edition suka ɗauki hazon a matsayin datti, suka share shi. Sakamako? Ka hau dogon bene a Los Santos sai ga taswirar gaba ɗaya a gabanka, gari uku a jere kamar kayan wasan yara a kan tabarma. Sirrin da aka ɓoye shekara 17 ya tonu a rana ɗaya. Wannan ne "ci gaban"?

8/ Kafin mu kai can, na kwamfuta. Ya fito a Yunin 2005 tare da na Xbox. Hoto ya fi kaifi, gaskiya ne, linzami ya sauƙaƙa harbi, kuma nan ne kowa ya haddace HESOYAM. Amma launin yamman nan na PS2 bai biyo shi yadda yake ba. Shi ya sa wanda ya fara da laftof yake ganin garin a kwance-kwance, bai san akwai abin da ya rasa ba.

9/ Wani abin da na kwamfuta ya rasa: wasan mutum biyu. A PS2 da Xbox akwai wuraren da za ka taka alama, abokinka ya ɗauki hannu na biyu, ku yi yawo tare a allo ɗaya. A gidan gem inda mutum biyar ke jiran hannu ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na kwamfuta babu, na waya babu, na 2021 ma da aka ce shi ne "cikakke" babu.

10/ Na kwamfutar ma ba ɗaya ba ne. A 2005 aka yi rikicin Hot Coffee, lokacin da aka tono wani ɓangare na batsa da kamfanin ya bari a ɓoye cikin faifai. Hukumar da ke sa wa gem shekaru a Amurka ta mayar da shi na manya zalla, aka fitar da sabon bugu. An cire abin, daidai ne. Amma bugu na biyun ya zo da takura wa masu gyare-gyare, shi ya sa har yau masu mod ke komawa 1.0.

11/ Sai na waya, Disamban 2013. Wani ƙaramin kamfani, War Drum Studios, aka ba aikin. A matsayinsa na gem ɗin waya ba laifi, an sa wuraren ci gaba a tsakiyar mishan, ana hango nesa. Mafi yawan ƙannenmu shi suka sani, shi ne San Andreas a wurinsu.

12/ Abin haushin shi ne na wayar nan aka ɗauka aka kai Xbox 360 a 2014 da PS3 a 2015. Wato na'urorin da suka fi PS2 ƙarfi nesa ba kusa ba, aka ba su abin da aka ɗinka wa allon taɓawa. Kamar ka je shagon tela da shadda ya ba ka rigar ƙaninka da aka buɗe wa gefe.

13/ Nuwamban 2014 kuma aka yi wanda ya fi ba ni tsoro. Mutanen da suka riga suka SAYI gem ɗin a Steam suka wayi gari an turo musu sabuntawa. Waƙoƙi sama da goma sun ɓace daga rediyon mota saboda lasisinsu ya ƙare, wasu kuma tsohon sabin ɗinsu ya daina buɗewa.

14/ Ku tsaya ku yi tunani a nan. Ka biya kuɗi, kaya yana hannunka, mai shago ya shigo ɗakinka da dare ya rage wani abu ya fita. A Kantin Kwari wa zai yarda da wannan? Amma da yake a intanet ne sai a ce maka "ai lasisi ka saya".

15/ Kuma rediyon nan rabin gem ɗin ne. Labarin 1992 ne, kiɗan shi ke gaya maka shekarar. An rasa waƙar 2Pac, an rasa ta Ozzy Osbourne, an rasa ta Tom Petty. A Vice City ma haka aka yi da na Michael Jackson. Wanda yake da tsohon faifai duk suna nan, wanda ya sayi sabo da kuɗi mai yawa babu.

16/ To, 11 ga Nuwamban 2021. GTA III, Vice City da San Andreas a ƙunshi ɗaya, dala 60. Wa ya yi aikin? Grove Street Games. Su waye? War Drum ɗin nan ne na waya suka canza suna. Aka ɗora wasannin a kan Unreal Engine 4.

17/ Abin da mutane suka gani a makon farko: ruwan sama kamar an zuba farar taliya a allo, da dare ba ka ganin titi. Fuskokin wasu mutanen sun narke kamar kyandir, hannuwa sun lanƙwashe. Rubutun allunan shaguna da aka ba na'ura ta ƙara wa kaifi ya fito da kurakuran harafi, barkwancin da ke ciki ya mutu.

18/ Wanda ya fi ba ni dariya: akwai wani shagon donot mai suna Tuff Nut. A samansa akwai ƙaton noti na ƙarfe mai kusurwa shida, wasa ne da sunan. A sabon sai aka goge kusurwoyin ya zama zagaye sumul. An ɗauka tsufan zane ne ya sa shi kusurwa. Noti fa. Ko yaron bakanike ya san noti ba ya zagaye 😭

19/ Wannan notin shi ne hujjata gaba ɗaya. Wanda bai san dalilin abu ba, in ka ba shi gyara, ɓarna zai yi yana murna. Hazon ma haka aka yi masa.

20/ Na kwamfuta ma sai da aka janye shi daga kasuwa na 'yan kwanaki saboda wasu fayiloli da aka manta a ciki. Makin da 'yan wasa suka ba shi a Metacritic ya faɗi ƙasa da 1 cikin 10. Ranar 19 ga Nuwamba Rockstar ta fito ta ba da haƙuri a rubuce.

21/ Amma duk wannan da sauƙi. Aiki yana lalacewa, ana gyarawa. Laifin da ban yafe ba an yi shi tun kafin fitowar: a Oktoban 2021 aka cire tsofaffin daga shagunan intanet. Steam, PlayStation, Xbox, duka. Ba a bar ka ka zaɓa ba. Ko ka sayi sabon, ko ka haƙura.

22/ Bayan ihu ya yi yawa suka ce za su mayar da tsofaffin a nasu shagon na kwamfuta. A Steam ba su dawo ba. Sabon ne ya shiga Steam a Janairun 2023 ya zauna a gurbinsu.

23/ A shekarar nan dai ta 2021, Take-Two, uwar kamfanin Rockstar, ta bi masu mod tana sa a sauke ayyukansu, ta kuma maka masu re3 da reVC a kotu. Su waye su? Masoya ne da suka warware lambobin GTA III da Vice City don su yi aiki da kyau a na'urorin zamani. Kyauta suke yi, ba su karɓar ko sisi.

24/ Kuma irin mutanen nan su ne suka riƙe gem ɗin da rai. SilentPatch ya toshe kurakuran da kamfani ya bari shekara da shekaru. SkyGfx ya dawo wa na kwamfuta da launin PS2. In ka haɗa 1.0 da waɗannan biyun, wallahi ka fi mai dala 60 samun San Andreas.

25/ Misali ɗaya. Da Windows 11 24H2 ta fito, jirgin nan mai sauka a ruwa, Skimmer, ya ɓace daga gem ɗin. Kowa ya zagi Windows. A 2025 Silent, mai SilentPatch, ya bi diddigi ya gano layin jirgin a fayil ɗin motoci bai cika ba tun asali. A Vice City kwale-kwale aka lissafa shi, da aka mayar da shi jirgin sama aka manta lambobin taya. Shekara 20 sa'a ce kawai ke riƙe da shi. Mai sha'awa ne ya gano, ya gyara, ya bayyana wa kowa.

26/ Na san me za ku ce: "kewar yarinta ce ke damunka." To bari in ba ku naku. Sabon yana da abubuwan da suka fi: harbi ya fi sauƙi, akwai layin hanya a taswira, in ka faɗi mishan ba sai ka sake tuƙi daga farko ba. Duk wanda ya sha wuya a mishan ɗin bin jirgin ƙasa da Big Smoke ya san darajar wannan.

27/ Kuma sun gyara da yawa. Na waya da ya fito ta Netflix a Disamban 2023 ya zo da zaɓin hasken da, a Nuwamban 2024 aka kai shi kwamfuta da sauran na'urori. Hazo ya dawo, yamma ta koma ja. To ku lura: shekara uku suka ɗauka suna komawa inda aka tsaya a 2004. In kewa ce kawai, me ya sa kamfanin da kansa ya dawo da shi?

28/ Ba na faɗa da sabuntawa. Ku yi goma ma. Ku ajiye sabo kusa da tsoho, mai so ya zaɓa. Faɗana da wanda ke ɗauke tsohon ya ɓoye, sannan ya kira abin da ya rage "Definitive", wai shi ne na ƙarshe, daga shi babu wani.

29/ Ba Rockstar kaɗai ba. Masu ƙwallo kun tuna eFootball 2022 da fuskokinsa, ga PES 2021 an cire shi daga kasuwa. Ubisoft ta kashe sabar The Crew a Maris 2024, faifan da mutane suka saya ya zama marfin kofi. Binciken Video Game History Foundation na 2023 ya ce kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu.

30/ Abin ban dariya, faifan PS2 da aka cika kasuwanninmu da su, kowa ya san yawanci kwafi ne. Amma yau wannan faifan mai hoton da ya koɗe, da ke cikin kwali a ƙarƙashin gadon yayanku, yana ɗauke da San Andreas da ya fi na shagon kamfanin cika. Waƙoƙi duka, hazo, wasan mutum biyu. In kuna da shi kada ku ba yara su yi madubi da shi.

31/ Masu cewa duk ɗaya ne, ga gwaji. Ku ɗauki keke a Grove Street da ƙarfe bakwai na yamma a agogon gem, ku fuskanci cikin gari, ku ɗauki hoton allo. Ku turo a ƙasa, ku rubuta wanne kuke bugawa: PS2, kwamfuta, waya ko na 2021. Mai na 2021 ya turo biyu, da hasken da a kunne da a kashe.

32/ Kuma wanda ke da PS2 mai rai da hannu biyu a Samaru ya yi min magana ta ciki. Bayan jarabawa ina so in ɗauki bidiyon wasan mutum biyun, don akwai waɗanda har yanzu suke cewa ƙarya nake yi.