A Ware wa Masu Ciwon Sukari Rana a Asibiti

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon sukari asibiti a Ikko ko Badun ya san yadda abin yake. Mutum ya bar rumfarsa tun da asuba, ya yini a layi, sa'an nan ya sami 'yan mintoci gaban likitan da ba ya jin Hausa, shi kuwa Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Ya fito da takardar magani, amma bai gane abin da aka hana shi ci ba. Da yawa ba su komawa sai ƙafa ta ruɓe ko ido ya dushe, alhali kuwa wannan ciwo lallaɓa shi ake yi muddin rai.

Akwai dabarar da ta dace da wannan hali, watau a tara masu ciwon kamar goma a ɗaki ɗaya, likita da ma'aikaciyar jinya su zauna da su awa guda ko fiye. A auna sukarin kowa da jininsa, a duba tafin ƙafa, sa'an nan a ba da damar tambaya. Mai maganar asiri ya tsaya ya ga likita shi kaɗai. An gwada haka a birnin Turin na ƙasar Italiya da mutum 112, rabi a rukuni-rukuni, rabi ɗai-ɗai. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna cewa bayan shekara biyu sukarin 'yan rukuni ya fi na sauran daidaita.

Ba abin mamaki ba ne. Tambayar da kunya ta hana wani yi, na kusa da shi zai yi ta, kowa ya ji amsa. Mahaucin da ya yi ban kwana da shayi mai zaƙi ya fi kowace takarda iya shawo kan ɗan'uwansa. Ga kuma tambayoyin da sai baƙo ke yinsu: nawa za a ci na teba da amala da burodi, yaya allurar insulin za ta jure zafin mota in tafiya gida ta kama, yaya za a daidaita magani tun watan azumi bai tsaya ba. Tafinta ɗaya kuwa ya ishi mutum goma.

Lalle akwai abin lura. Mata za su bukaci nasu zaman daban, kuma dole a yi alkawarin abin da aka ji a ɗakin ba zai kai bakin kasuwa ba. Zaman kuma ba ya saya wa kowa magani. Wannan kuka ne na daban.

Saboda haka ya kamata Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu su tunkari shugabannin asibitocin da ke kusa da su, su roƙi rana ɗaya a wata. Su kuma su ɗauki nauyin kawo tafinta amintacce da tara sunayen masu ciwon unguwa-unguwa.