Nijar ba ta da teku, amma tana da kujera a jirgin masu bincike

Duk ƙasar da ke son aika jirgin ruwan bincike cikin tekun wata ƙasa sai ta nemi izini. Ka'idar tana cikin Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka rattaba wa hannu a 1982 a Montego Bay ta Jamaika, ta soma aiki a 1994. Nijar ta amince da ita a 2013. Wani zai ce ina ruwan ƙasar da ba ta da gaɓar teku da wannan magana. Amsar tana cikin yarjejeniyar kanta, ya kuma kamata hukumomin Yamai su daina barin ta cikin takarda.

Ga yadda tsarin yake. A cikin mil 12 na farko daga gaɓa, babu mai yin bincike sai da yardar ƙasar a fili. Daga nan har zuwa mil 200, wato kusan kilomita 370, ana sa ran ƙasar za ta ba da izini muddin binciken na zaman lafiya ne kuma don ƙaruwar ilimi. Mai nema zai miƙa buƙatarsa ta hanyar hukuma aƙalla watanni 6 kafin fara aiki, ya faɗi sunan jirgin, kayan aikinsa, wurin da zai shiga da ranakun zuwa da tafiya. Ƙasar na da damar ƙin yarda idan aikin ya shafi neman arzikin teku kai tsaye, ko haƙar ƙarƙashin teku, ko amfani da abubuwan fashewa. Idan kuwa ta yi shiru har watanni 4, doka na ɗaukar shirun a matsayin yarda.

Izinin ba kyauta ba ne. Aya ta 249 ta wajabta wa mai bincike ya ɗauki masanan ƙasar cikin jirgin idan ta buƙata, ba tare da ta biya kuɗin aikin ba. Dole kuma ya ba ta rahoton farko da na ƙarshe, ya bar ta ta ga bayanai da samfurorin da aka tattara. Wannan shi ne cinikin: ƙasa ta buɗe tekunta, ta samu ilimi a madadinsa. Jirgin Dr Fridtjof Nansen na ƙasar Norway, wanda ke aiki da hukumar FAO tun 1975, ya daɗe yana auna yawan kifi a tekunan Afirka tare da masanan ƙasashen da yake ziyarta.

Wani lokaci siyasa kan shiga. Bayan jirgin binciken China mai suna Shi Yan 6 ya isa Colombo a watan Oktoban 2023, abin da ya tayar da hankalin Indiya, Sri Lanka ta hana jiragen bincike na ƙetare shiga ruwanta na tsawon shekara guda daga Janairun 2024. Fargabar leƙen asiri ba ƙarya ba ce, domin taswirar ƙarƙashin teku na amfanar masani, tana kuma amfanar jirgin yaƙi. Sai dai rufe ƙofa gaba ɗaya na hana ƙasa matalauciya bayanan da ba ta da jirgin tattara su da kanta.

Rabon Nijar yana cikin aya ta 254. Ayar ta ce duk mai neman izinin irin wannan bincike ya sanar da ƙasashen maƙwabta waɗanda ba su da teku. Idan sun nema, a ba su bayanai kan aikin, a kuma bai wa ƙwararrunsu damar shiga matuƙar hali ya yi kuma ƙasar da ke da tekun ba ta ƙi su ba. Nijar na iyaka da Benin da Najeriya, duka biyun kuwa suna bakin Tekun Guinea.

Daga wannan tekun ne iskar damina ke ɗauko danshin da ke zama ruwan sama a gonakin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Masana sun nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekun na da hannu a lokacin faɗuwar damina a Sahel. Shi ya sa Brazil da Faransa da Amurka suka girka na'urorin awo masu yawo bisa ruwa a shirin PIRATA tun 1997. Shi ya sa kuma shirin AMMA, wanda ya yi babban aikinsa a 2006 da Yamai cikin manyan sansanoninsa, ya haɗa awon ƙasa da na teku. Manomin da ya shuka hatsi bayan ruwan farko, fari ya ƙone shukar, ya yi asarar iri da wahala, ɗansa da ke Abidjan ko Aljeriya ne kuma zai aiko kuɗin cike gurbin. Kyakkyawan hasashen damina na rage irin wannan asara.

Gaskiya ne ayar ba ta bai wa Nijar ikon tilasta kowa ba, dangantakar Yamai da Kotonu ta kuma yi tsami tun 2023. Amma nauyin sanarwa yana kan mai binciken ne, kuma wanda bai nemi haƙƙinsa ba babu mai kai masa shi gida. Yamai ce mazaunin cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD, ga Jami'ar Abdou Moumouni, saboda haka akwai waɗanda za su iya karanta bayanan su mayar da su shawara ga manoma.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin sayen jirgi ba. Ma'aikatar harkokin waje ta keɓe ofishi guda mai karɓar irin wannan sanarwa, ta shaida wa ƙasashen da ke aiko jirage adireshinsa. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta tanadi jerin sunayen masana da ɗaliban da za a gabatar da zarar an samu gurbi. Matasan da ke karatun yanayi da kimiyyar ruwa, a gida ko a ƙetare, su ma su riƙa tambayar hukumomi inda aka kwana kan aya ta 254.