Ra'ayinmu: Bulala ba ta maganin firgita

Tun daga shekarar 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, suna gudun 'yan bindiga. An zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau, wasu kuma suna hannun 'yan uwa. 'Ya'yansu na zaune a aji ɗaya da namu. Haka abin yake a Difa tun harin da aka kai Boso da garin Difa a watan Fabrairun 2015.

Idan aka yi maganar tsaron makaranta, hankali kan tafi ga katanga da maigadi, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a 2020 da na Jangebe a 2021. Wannan gaskiya ne, amma katanga ba ta tsare abin da yaro ya shigo da shi a cikin zuciyarsa. Yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa, ko ya kwana a daji, jikinsa kullum a shirye yake da gudu ko faɗa. Ƙarar babur na iya sa shi zabura. Barci ba ya isarsa saboda mugun mafarki, wani har fitsarin kwance ya dawo masa. A aji sai ya riƙa dukan 'yan uwansa, ko ya yi jugum kamar ba ya nan. Mushe ya ce taurin kai ne, ya ɗauko bulala. Duka kuwa sai ya ƙara tabbatar wa yaron cewa babu inda ya tsira, daga nan ya bar lakwal ya koma yawon tasha.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ba ta da tsada. A koya wa malami gane alamun firgita. A tsara ranar karatu yadda yaro zai san abin da ke biye, a fara da wasa ko motsa jiki da jan numfashi a hankali. Wanda ya yi laifi a keɓe shi ya huce, sannan a sa shi ya gyara ɓarnar da ya yi. Kada a tilasta masa ba da labarin abin da ya gani. Wanda abin ya yi wa tsanani a kai shi likita. Ƙungiyar IRC ta gwada irin wannan tsari a makarantun Difa, kuma binciken da aka yi ya nuna karatu da lissafin yaran sun ƙaru.

Nijar da Nijeriya duka sun sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo a 2015. Muna kira ga hukumomin ilimi su sa wannan horo cikin karatun kowane malami, kada a bar shi ga ƙungiyoyin agaji masu zuwa su tafi.

Ku kuma 'yan kasuwar Maraɗi da Ɗan Isa da Ƙonni, kuna da murya a kwamitin iyaye na COGES. Ku tambayi darakta yadda ake tafiyar da irin waɗannan yara, ku taimaka da ƙwallo da alli da abin kari. Yaron da ke muku dako ko tsaron shago, idan kun ga yana zabura, ku ja shi a jiki kafin ku ɗaga hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma waɗannan yaran ne za su riƙe kasuwannin nan gobe.