Mun Sayo Garmar Japan, Mun Baro Shanun

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, duk sa'ad da zaɓe ya matso sai mu ji masu neman kujera suna rantsuwa za su mai da ƙasar nan kamar Japan. To, mu mutanen Katsina ba baƙin Japan ba ne. An taɓa sayo mana kayanta da kuɗinmu, kuma ya kamata mu zauna mu yi lissafin wannan ciniki.

A 1982 aka buɗe masana'antar ƙarfe a birnin Katsina. Kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya kafa ta, da ƙarfin fid da tan 210,000 na rodi da waya kowace shekara. Amma ba a gina ta don ta narka ƙarfe da kanta ba. Sai an ɗauko mata curin ƙarfe daga Aladja kusa da Warri, tafiyar fiye da mil 600 a mota, domin hanyar jirgin ƙasa ba ta iso Katsina ba. Da Aladja ta durƙushe, sai injunan Katsina suka zauna jiran abinci, har Gwamnatin Tarayya ta sayar wa 'yan kasuwa a 2006. Masaƙar Arewa ta Kaduna, wadda Japanawa suka zuba jari cikinta tun shekarun 1960, ita ma ta rufe ƙofa.

Yanzu ku dubi Koriya ta Kudu. Ita ma da kuɗin Japan da gwanayen Japan ta gina masana'antar ƙarfe a Pohang, ta soma aiki a 1973. Amma a bakin teku suka kafa ta inda jirage ke sauke mata kaya, tana narka ƙarfenta da kanta, ga masu ƙera jiragen ruwa da motoci a kusa suna jiran saye. Ta zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙarfe na duniya. Malami ɗaya, almajirai biyu. Ina dalilin wannan bambanci?

Dalili shi ne, arzikin Japan daga gona ya faro. Bayan ta sha kashi a yaƙi a 1945, kusan rabin gonakinta na hannun masu ƙasa ne, manomi yana noma yana miƙa musu wajen rabin shinkafarsa. Tsakanin 1946 da 1950 gwamnati ta saye gonakin nan ta sayar wa masu noma su da araha, har gonakin haya suka koma kamar kashi 10 cikin 100. A 1947 aka yi dokar jam'iyyun gama kai, watau manoma su haɗu su sayi taki tare, su sayar da amfani tare, su ranci kuɗi a asusunsu. Karatun yara kuwa tun 1872 suka soma shimfiɗa shi ga kowa. Talaka ya ajiye ɗan abin da ya rage masa a gidan waya, gwamnati ta ranci kuɗin nan ta yi hanyoyi da tashoshin jirage da wutar lantarki. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Kana ma'aikatar ciniki da masana'antu da suka kafa a 1949 ta riƙa zaɓen sana'o'in da za a tallafa, tana duba cewa kowace masana'anta tana da mai kawo mata kaya da mai sayen nata. A 1960 Firayim Minista Ikeda ya yi alkawarin ninka samun ƙasa cikin shekara 10, aka cika kafin wa'adi. Koriya ta raba gonaki a 1950, Taiwan ta yi nata tsakanin 1949 da 1953, kafin su kai ga manyan injuna. Watau sun fara da shanu, sa'an nan garma.

Wani zai ce ai Amurka ce ta tilasta rabon gonakin, kuma yaƙin Koriya na 1950 ya kawo wa Japan kasuwa. Gaskiya ne. Ba mu ce Japan aljanna ce ba: dattin masana'anta ya sa wa mutanen Minamata guba, aka gano cutar a 1956, kuma daga 1990 arzikin ƙasar ya yi ta jan ƙafa har Sin ta wuce ta a 2010. Amma wannan bai goge darasin ba. Manomin da ba ya da rara ba ya sayen rodi, ba ya sayen atamfa, kuma ɗan kasuwar da ke jiransa sai ya wuni yana korar ƙuda a rumfa.

Namu ciwon ba irin na Japan ba ne sak. Yawancinmu a Ɗantutture da Kurfi da Dutsin-Ma muna da gonakin gado. Abin da ke cinye mu shi ne taki ya zo bayan shuka ta wuce, bashi ya sa mu sayar da gero da arha da kaka mu sayo shi da tsada da bazara, ga 'yan bindiga da suka raba mutane da gonakinsu a shekarun nan. Madatsar ruwan Zobe a kan kogin Karaɗuwa an gama ta a 1983 domin noman rani na kimanin hekta 8,000, aka yi fiye da shekara 30 ruwan yana kwance ana jiran magudanai. Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa! Ku da kuke zaune a gefenta kun fi kowa sanin gona nawa ruwan ya isa.

Saboda haka duk wanda ya zo muku da zancen Japan, ku ba shi tabarma, sa'an nan ku tambaye shi abu huɗu. Yaushe ruwan Zobe zai kai gonakin da aka yi alkawari? Wa zai tsare manomi ya je gona ya dawo lafiya? Ina rumbun gama kai da rance marar shaƙe wuya, don kada mu yi asarar hatsi da kaka? Masana'antar da zai kafa, ina za ta samo kayan aiki, wa kuma zai sayi nata? In ya amsa da ranaku da lissafi, ku saurare shi. In ya amsa da kirari, ku riƙe ƙuri'arku.

Mu kuma kada mu zauna jira. Adashen da muke yi a kasuwa shi ne tushen gama kai. Mu yi masa littafi, mu zaɓi ma'aji mai amana, mu sayi taki tare tun kafin ruwa ya sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.